Lauyar da ta karɓo mana belin Auta a Zariya: yadda aikinta yake da abin da muka biya

Tun da Auta ya dawo gida ake tambayata, a makarantar da nake koyarwa da kuma ta waya, wace lauya ce ta tsaya mana, nawa ta karɓa, kuma ko zan iya tura wani wurinta. Zan iya, da zuciya ɗaya, duk da akwai abubuwan da ba su yi mini daɗi ba a ofishinta, kuma zan faɗe su. Sunanta ne kawai ba zan rubuta ba, domin ita ta ce in bari, ƙa'idar aikin lauyoyi ta taƙaita musu talla. Ofishin yana Sabon Gari, a saman wani bene, ƙasansa shagunan masu sayar da kayan wuta ne. Ita ce babba, da ƙaramin lauya ɗaya a ƙarƙashinta, da wata yarinya mai buga takardu. Mai buƙata ya neme ni, zan kwatanta masa.

Auta ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, Keke Napep yake ja. Rigima ta tashi tsakaninsu a wurin da suke layin ɗaukar fasinja, a kan wanda ya tsallake layi. Kafin a raba, an soki wani yaro da wuƙa a kafaɗa, ya zubar da jini sosai, sai da aka yi masa ƙarin jini a asibiti. An kama mutum uku, har da Auta. Bai musa cewa yana wurin ba, bai musa cewa ya kai naushi ba, amma ya ce hannunsa bai taɓa wuƙa ba. Wannan kotu ce za ta tantance, ni ba alƙaliya ba ce. Na faɗi wannan ne don a san ba shari'ar satar kaza muka kai mata ba. An zubar da jinin ɗan mutane, kuma ƙanena yana cikin waɗanda ake zargi.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ta yi mana alkawarin komai ba. Na je da Inna, mahaifiyarmu, wadda tun a matakala take kuka. Barista ta taso ta kama hannunta ta zaunar da ita, ta ce, "Mama, ki yi haƙuri ki sha ruwa tukuna. Ba zan ce miki yau zai kwana a gida ba, domin ban sani ba. Amma duk abin da zai faru zan gaya miki kafin ya faru." Sannan ta juyo kaina da tambayoyi: yaushe aka kama shi, wa ke binciken, ya sa hannu a wata takarda, an taɓa kama shi a baya, yana shan wani abu, ya jikin wanda aka soka. A kan wannan ta ƙarshe ta fi tsayawa. Ta ce makomar belin tana rataye da lafiyar yaron, in Allah Ya karɓi ransa magana ta canza gaba ɗaya.

A nan ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba duk da shekaruna a aikin gwamnati. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma a Zariya babu caji ofis ɗin da zai ce kotu ta yi masa nisa. Amma ta ce abin da ya fi saurin kai shi kotu muhimmanci shi ne laifin da za a rubuta a takardar FIR, wato takardar ƙarar da 'yan sanda ke gabatar wa kotu. Idan aka rubuta haɗa baki da jikkata mutum, majistare zai iya sauraron shari'ar ya kuma ba da beli. Idan kuwa aka rubuta laifin da ya fi ƙarfin majistare, irin su kisa ko fashi da makami, to ajiye mutum kawai zai sa a yi a gidan gyaran hali, a tura fayil ma'aikatar shari'a a Kaduna a jira shawara, beli kuma sai an nema a babbar kotu. A wannan jiran ne mutane ke tsufa. Ta ce in tuna cewa mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen gyaran hali na ƙasar nan, fiye da kashi 60 cikin 100, ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Saboda haka a ranar ta tafi caji ofis da kanta, ta ga Auta, ta ga ɗan sandan da ke binciken, ta nemi a duba rahoton likita kafin a rubuta tuhuma. Ban ba kowa ko sisi ba a wurin. Ta ce, "Malama, rubutun da ke bango gaskiya ne, beli kyauta ne. Duk wanda ya nemi wani abu ki ce ya yi magana da ni."

Ranar da aka gurfanar da su, majistare ya ba da belin kowannensu a kan naira 500,000 da mutum biyu masu tsaya masa. Inna na jin adadin ta dafe ƙirji. A lissafinta sai an sayar da keken, an sayar da awakinta, an ci bashi, kuma duk da haka ba za a kai ba. Ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, wannan ya haura albashin wata bakwai. Barista ta fitar da mu ƙarƙashin bishiya ta ce, "Mama, ba kuɗi za a ƙirga a ba kotu ba. Alkawari ne a rubuce. Masu tsaya masa za su sa hannu cewa idan ya gudu, su za su biya wannan adadin. In bai gudu ba, babu wanda zai biya komai." Ta ƙara da cewa doka ta yarda alƙali ya nemi a ajiye tsabar kuɗi in ya ga dama, amma ko a nan ajiya ce, ana mayarwa bayan an gama shari'a. Wannan bayani kaɗai ya isa a biya lauya. A harabar kotun nan na ga wata tsohuwa da kuɗi ƙulle a leda tana neman wanda za ta miƙa wa, ba ta da mai gaya mata haka.

Wahalar ba a adadin take ba, tana cikin sharaɗin masu tsayawa. An ce ɗaya ya zama ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama, ɗayan kuma mai gida a cikin hurumin kotun da takardar mallaka ta gwamnati. Ni malamar firamare ce, ban kai wannan matakin ba. Gidanmu na cikin birni gado ne tun kakanni, kowa a unguwa ya san namu ne, mai unguwa zai shaida, amma takardar KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, ba mu da ita, kuma haka maƙwabtanmu na dama da hagu suke. Na bi manyan ma'aikatan da na sani. Kowa ya tausaya, kowa ya yi addu'a, amma da sun ji an ambaci wuƙa sai su ja baya. Ban ga laifinsu ba. Mutumin da ya rage masa shekara kaɗan ya yi ritaya ba zai sa takardar aikinsa a kan yaron da bai sani ba.

A nan ne masu sana'ar tsayawa suke shigowa. Wani dattijo mai farar kaftani da jakar takardu a hammata ya same ni a bakin ƙofar kotu, ya kira ni Hajiya, ya ce ya ji sharaɗinmu, yana da mutum mai mataki na 14 da kuma mai takardar gida, naira 60,000 kowane ɗaya, yau-yau a gama. Kuɗin nan ba ya dawowa, ko an wanke mutum ko ba a wanke shi ba. Na kira Barista, kuma gaskiya a lokacin zuciyata ta karkata, domin na ga inda Auta yake kwana. Ta ce, "Malama, kada ki yi. In aka je tantance adireshi aka ga na bogi ne, za a soke belin, a ƙara masa wani zargin, ke ma a iya haɗawa da ke. Kuma ni ba zan sa sunana a takardar da na san ƙarya ce ba." Da na gaya wa Baffa, ƙanin mahaifinmu da ke karantar da fiƙihu a zaurensa, ya ce ko ba don dokar Nasara ba, a mazhabarmu ta Malikiyya ba a karɓar lada a kan lamuni, abu ne da ake yi don Allah, kamar rance.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru a ranar da aka ba da belin. A cikin su ukun akwai wanda shaidu suka nuna da cewa shi ya zaro wuƙar, yaron da unguwarsu ta sani cikin ƙauraye, ba kuma wannan ne karon farko da aka kai shi gaban hukuma ba. Kafin la'asar ya cika sharaɗi ya tafi gida, domin yana da ubangida mai hali da mutane. Auta da ɗayan, wanda ko keken ma ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum, aka sa su a mota zuwa gidan gyaran hali. Sharaɗi ɗaya aka gindaya wa mutum uku, a takarda an yi adalci. Amma abin da sharaɗin ya auna shi ne wa ka sani da me ka mallaka. Bai auna wanda zai iya komawa ya tsorata shaida ba.

Ba ina cewa a riƙa sakin masu zubar da jini ba ne. Na je na ga yaron da aka soka, na ga mahaifiyarsa zaune a bakin gadonsa tana masa fifita. Da ta ji wancan ya fita, cewa ta yi ba za ta ƙara barin ƙaninsa ya je makarantar dare ba. Tsoronta gaskiya ne, kuma naira 500,000 da aka rubuta a takarda ba ta kare ta daga komai ba. Ko miliyan biyar aka rubuta, wanda ya fita ɗin zai fita. A ganina, idan alƙali ya ga hujja cewa mutum haɗari ne ga wanda ya raunata ko ga shaidu, ya faɗi hakan a fili, ya hana belin, ya rubuta dalilinsa yadda za a iya ɗaukaka ƙara, sannan a gaggauta shari'ar. Idan bai ga wannan hujjar ba, kada ya sa sharaɗin da ya san talaka ba zai iya cikawa ba, domin wannan hana beli ne da aka sa wa wata riga. Kuma dokarmu ta ba da wannan damar. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta lissafa dalilan hana beli, ciki har da fargabar mutum zai sake aikata laifi, ko ya gudu, ko ya tsorata shaidu, ta kuma ce kada sharaɗin beli ya wuce kima. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017, ta bi wannan sahun.

Daga baya, a dararen da barci ya ƙi zuwa, na karanta yadda abin yake a Amurka, inda tsabar kuɗi ake ajiyewa, har akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su karɓi kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin belin, kuma ba sa mayarwa. A Niyok an kama wani yaro ɗan shekara 16, Kalief Browder, a 2010 bisa zargin satar jakar goyo. Aka sa belinsa dala 3,000, iyalinsa suka kasa biya. Ya yi kusan shekara uku a kurkukun Rikers ba a yanke masa hukunci ba, daga ƙarshe aka janye ƙarar, a 2015 kuma ya kashe kansa. A jihar Wiskonsin kuwa, a Nuwamban 2021, wani mutum da aka saki a kan dala 1,000 bayan an zarge shi da banke uwar 'yarsa da mota, ya kutsa da motar cikin jerin gwanon Kirsimeti ya kashe mutum shida. Mutanen jihar suka gyara tsarin mulkinsu a 2023 don alƙali ya riƙa duba tsoffin laifukan ta'addi kafin ya yanka kuɗin beli. Maƙwabciyarsu Ilinoi ta bi wata hanyar: tun Satumban 2023 ta soke belin kuɗi gaba ɗaya, alƙali ya saurari ɓangarorin biyu, ya tsare mutum ko ya sake shi da sharuɗɗa. Ni hanyar Ilinoi ta fi kwanta mini, don na ga da idona abin da ɗaya hanyar take haifarwa a nan.

Barista ba ta tsaya jiran mu samo mai mataki na 12 ba. Ta rubuta takardar neman a sassauta sharaɗi, ta haɗa da takardar rantsuwa da na sa wa hannu bayan ta karanta mini ita layi-layi da Hausa. Ta kafa hujja da hukuncin kotun ɗaukaka ƙara na 2019 a shari'ar Sambo Dasuki, inda aka cire sharaɗin kawo ma'aikacin gwamnati mai mataki na 16. Ta ce in an cire wa tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, me zai sa a ɗora wa mai jan keke. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ba sassauci kawai ta roƙa ba, ita da kanta ta miƙa wa kotu wasu sharuɗɗan a madadin waɗancan: Auta ba zai kusanci wanda aka raunata ko shaidu ba, ba zai koma layin da aka yi rigimar ba, zai riƙa zuwa yana sa hannu a wurin magatakardan kotu. Mai gabatar da ƙara bai ja sosai ba. Majistare ya amince in tsaya masa ni da shugaban ƙungiyar masu keke na reshensu, tare da wasiƙar mai unguwa.

Wani ma'aikaci a wurin sa hannu ya dube ni ya ce ina namijin gidan. Barista ta amsa masa cikin natsuwa cewa doka ta hana a ƙi mutum tsayawa beli don kawai mace ce, kuma kotu ta riga ta ambaci sunana. Bai ƙara magana ba. Amma kafin in ɗauki biro ta ja ni gefe ta ce, "Yanzu ba a matsayin lauyar Auta nake miki magana ba. Kin tabbata ba zai gudu ba? Sanata Ali Ndume ya tsaya wa Abdulrasheed Maina, wanda ake tuhuma a kan kuɗin fansho, a kan naira miliyan 500, da Maina ya tsere, a 2020 kotu ta tura sanatan gidan gyaran hali na Kuje. In an yi wa sanata haka, ke ma za a yi miki." Na ji daɗin wannan tambayar ƙwarai. Lauyan da kuɗinsa kawai yake so ba zai yi ta ba.

Ta kuma hana mu wani abu da muka ɗauka alheri ne. Dangi sun so a tara dattawa a je gidan su yaron a roƙi a janye ƙara tun Auta yana tsare. Ta ce dubiya wajibi ce, a je, a kai abin da ya sawwaƙa na magani, amma kada kowa ya furta maganar janyewa, domin za a iya fassara shi da matsa wa shaida, a soke belin a kan haka. Ta ce in lokacin sulhu ya yi, a yi shi a gaban mai unguwa, a rubuce, kotu ta sani. Haka muka yi dubiyar, kuma mahaifin yaron ya karɓe mu da mutunci fiye da yadda muka zata.

Sai abubuwan da ba su yi mini ba. Samunta a waya da safe sai an dace, tana kotu, kuma yarinyar ofis ba ta iya ba da amsar komai sai "ki sake kira". Ga wanda ɗan'uwansa ke tsare, awa uku babu labari azaba ce, saƙon tes guda ɗaya zai wadatar. Akwai zaman da shari'a ta riƙe ta a Kaduna ta turo ƙaramin lauyan, ya zo bai karanta fayil ɗin da kyau ba, har ya rikita sunan Auta da na ɗayan, aka ɗage zaman, ɗagewar nan kuma ƙarin kwanaki ne a tsare ga ƙanena. Ta ba da haƙuri ba tare da kwana-kwana ba, amma kwanakin ba su dawo ba. Matakalar benen tana da tsayi da duhu, Inna da ciwon gwiwa sai da muka riƙe ta, kuma wurin jira kujera huɗu ne, kowa yana jin matsalar kowa. Duk takardun da Turanci suke, wannan ba laifinta ba ne, amma da ofishin zai buga taƙaitaccen bayanin sharuɗɗan beli da Hausa a ba iyali su tafi da shi, da an rage mantuwa.

Kuɗi kuwa, naira 100,000 ta karɓa a kan neman belin da neman sassaucin duka, ta yarda muka biya kashi-kashi, kowane biya da rasit. Kuɗin rantsuwa da na shigar da takardu daban ne, su ma mun ga rasit ɗin kotu. Akwai naira 15,000 da aka ce na zirga-zirga ne da kai ma'aikacin kotu tantance adireshi, wannan ba a fayyace mini shi dalla-dalla ba, kuma na so a yi. Kuɗin ci gaba da shari'ar kanta ciniki ne na daban, ta faɗa tun farko, ba ta bari sai da muka shiga ba. A wurin iyali irin namu kuɗin da nauyi, adashena na ɗauka. Amma bai kai abin da mai farar kaftani ya nema ba, kuma nasa da ya jefa mu cikin wata shari'ar.

Wanda ba shi da ko wannan kada ya zauna. Akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 don marasa hali, akwai ɗaliban lauya na Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo da ke ba da shawara kyauta ƙarƙashin kulawar malamansu, kuma ƙungiyar lauyoyi tana da reshe a Zariya. Barista da kanta ta haɗa mahaifin ɗayan yaron, mai kai balas ɗin, da wani abokin aikinta da ya karɓi shari'arsa ba tare da kuɗi ba. Shi ya fi Auta daɗewa a ciki, domin danginsa suna ƙauye wajen Giwa, kawo mai tsaya masa da adireshi a cikin gari ya ɗauki lokaci, amma ya fito.

In za ka je wurinta, ko wurin kowane lauya, tafi da katin shaidarka na ƙasa, da hotuna ƙanana, da takardar wuta ko wani abin da ke nuna adireshinka, da lambar wayar mai unguwarku, kuma ka gaya mata gaskiyar abin da ɗan'uwanka ya yi tun a zaman farko, har wanda kake jin kunyar faɗa. Shari'ar Auta ba ta ƙare ba, likitan da ya duba raunin ne zai ba da shaida a zama na gaba. Ya koma jan keke a hanyar Samaru zuwa Kwangila, yana zuwa sa hannu yadda aka ce, kuma mun riga mun yi magana da Barista ita za ta ci gaba da riƙe shari'ar, da sharaɗin duk ranar da ba za ta samu zuwa ba ta sanar da ni tun daren jajibiri.